Sun Ce Digirin Waya Ne: Shekara Shida Bayan Rahinatu

Shekara shida ke nan da maza suka ɗauki Rahinatu daga gidansu da ke unguwar Maamobi a birnin Accra, suka bar mu, mu mata, zaune a tsakar gida muna kallon ƙofar da suka fita da ita. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan je gidan, a yi mata addu'a, a raba masa da koko, in koma gida in kama bakina. Bana na ce ba zan kama shi ba. Akwai maganar da ake shirin yankewa a wurin aikina, kuma maganar ta Rahinatu ce, ko da yake yawancin masu yanke ta ba su taɓa jin sunanta ba.

Ƙawata ce tun muna makarantar allo a Nima. Tare muka yi firamare, tare muka yi sakandare, tare muka shiga jami'a muka zaɓi saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, a lokacin da duk Zango, wato unguwanninmu na Musulmi masu jin Hausa, ba a rasa mai tambayarmu ko karatun duba ne. Ni Salamatu, lafiyata lau, ban san ciwon da ya wuce zazzaɓi ba. Ita kuwa da sikila aka haife ta. Siririya ce, idanunta na da ɗan rawaya-rawaya, bakinta kuma ya fi aska kaifi. Ba ta taɓa cewa "ciwona" ba, sai dai ta ce "baƙona". Idan damina ta sauka, ruwa ya taɓa ta ko sanyi ya ratsa ta, sai ta aiko mini: "Sala, baƙona ya sauka, ki ɗaukar mini darasi." Baƙon nan idan ya zo, ƙasusuwanta ji take kamar ana sara su da gatari. Duk da haka ta gama digirin farko, shekara guda bayana, da sakamakon da ya fi nawa.

Da muka nemi digiri na biyu, a fannin da ake koyon zama da masu damuwa da ciwon zuciyar da ba ya nunawa a hoton asibiti, sai aka ɗauke mu tare. Murna a gidansu ba a cewa komai. Mahaifiyarta, Mma Adiza, mai sayar da shinkafa da waken nan da muke kira waakye, ranar kyauta ta yi ta zuba wa mutane. Amma zangon farko ya faɗo cikin damina. Kullum sai an tsaya bakin titi ana jiran trotro, motocin hayarmu da ba sa tashi sai sun cika, ruwa na dukan mutum, a shiga a zauna da jiƙaƙƙun kaya cikin cunkoson Accra. Ba a je ko'ina ba baƙonta ya sauka, kuma wannan karon ya daɗe. Ta yi makonni a gadon asibiti. Da ta fito, aka ce mata ta wuce adadin fashin da doka ta yarda, sunanta ya fita.

Ni na raka ta wurin shugaban sashen. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi jami'ar ba, domin ba shi kaɗai ne mai irin tunanin ba. Dattijo ne mai fara'a, har kujera ya ja mata. Ya ce, "'Yata, wannan karatu ne na ido da ido. Wanda ba zai iya zaman aji ba, ta yaya zai iya zama da mara lafiya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ce mara lafiyar. Duk ajin nan babu wanda ya kai ni sanin abin da mutum ke ji idan likita yana magana a kansa kamar ba ya wurin."

Ya yi murmushi, ya ce ta sake nema idan ta warke. Farfesa ne, ya san sikila ba mura ba ce. Amma dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba.

Na zaci za ta yi kuka idan mun fito. Ba ta yi ba. Sai da muka hau mota, muka kusa Nima, sannan ta ce, "Sala, hanyar Makka ma ba ɗaya ba ce. Na yanzu jirgi suke hawa, kakanninmu da ƙafa suka je, kuma duk Alhaji ake ce musu."

Haka ta nemo wata jami'a ta ƙasar waje da ke koyar da wannan fanni ta intanet. Yau wannan ba labari ba ne, amma a wancan lokacin, a Zango, kamar ka ce za ka koyi iyo a kan tabarma. Yayanta da ke aiki a Turai ya aiko mata da kwamfutar cinya. Ɗakin da suke kwana ita da Mma Adiza ya zama aji: kwamfuta a kan akwatin ƙarfe, ita a kan katifa, da bargo a ƙafafunta ko ana zafi. Shekarun dumso ne, lokacin da wuta ke zuwa kamar mai leƙen gidan suruki, ta gaisa ta gudu. Idan an ɗauke, sai ta rungumi kwamfutar ta tsallaka shagon telan da ke da janareta, ta zauna tsakanin yadudduka, ta toshe kunne, keken ɗinki na sukuwa a gefenta, ita tana sauraron lacca a kan yadda firgici ke zama a jikin mutum.

Darasin da ake yi kai tsaye yakan faɗo daidai la'asar ɗinmu. Wanda ya san Maamobi ya san ba masallaci ɗaya ke kiran salla ba. Wannan zai ɗauka, wancan ya karɓa, na bayan gida ya ɗora. Duk wannan yana shiga ajinsu, tare da kukan awaki da faɗan maƙwabta a kan layin famfo. Ta ce da farko kunya take ji, tana ta kashe sautinta. Daga baya ta lura kowa a ajin da nasa. Akwai wata nas a can gabashin duniya da ke shiga darasi daga ɗakin hutun asibiti. Akwai tsohon soja mai ƙafa ɗaya. Akwai wata mai jinyar mijinta, da takan tashi tsakiyar magana ta juya shi ta dawo. Rahinatu ta ce mini, "Ajinmu na waɗanda aji ya tofar ne." Tana faɗa tana dariya, amma ni ban yi dariya ba.

A unguwa kuwa suna ya fito: digirin waya. Wasu suka ce hira take da Turawa tana neman mijin da zai ɗauke ta. Abokan karatuna, waɗanda ya kamata su fi kowa sani, su ne suka fi kowa yi mata ba'a. Idan na ambace ta sai a ce, "Yaya mutuniyar taki, an sauko mata da digirin ne ko saura?" Wani kawunta kuma ta wata fuska ya ɓullo. Ya zo har gida ya ce wannan karatu na mahaukata ne, kuma Musulmi da ke da addu'a me zai yi da shi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Kawu, bara da ƙafarka ta karye, na ga ka yi addu'a, na kuma ga an kai ka wurin maɗori." Bai sake tayar da maganar ba, a gabanta dai.

Kada mai karatu ya ɗauka na zo rushe aji ne. Aji ne ya yi ni, kuma ina alfahari da shi. A aji ne wata malama ta tsayar da ni ana tsakiyar gwaji, ta ce in dubi hannuwana: na naɗe su a ƙirji kamar mai jiran a gama ƙarya, alhali bakina na cewa "ina jin ki". A aji ne na koyi abin da ake koya bayan an tashi, ƙarƙashin bishiya, ana musu har a manta da yunwa. Waɗannan abubuwa Rahinatu ba ta same su ba, kuma ta san ba ta same su ba. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je wurinta, in zama mara lafiya ita ta zama likita, sannan mu juya. A nan na ga abin da ni ma ban samu ba. Su ana sa su ɗauki kansu a bidiyo suna aiki, su zauna su kalli kansu, malami ma ya kalla ya tsaya a kan kowace kalma. Ta haka ta gano tana katse mutane, cutar masu kaifin baki. Kuma a ajinmu mai cike da mutane, akwai waɗanda suka yi zango guda a kujerar baya ba a ji muryarsu ba, suka ci jarrabawa. A nasu babu kujerar baya. Duk mako sai ka rubuta, sai an amsa maka, sai ka kare abin da ka ce.

Mun sha musu a kan wanne ya fi. Ba mu taɓa gamawa ba. Wata rana ni ce a sama, wata rana ita, wata rana Mma Adiza ta leƙo ta ce mu rage murya, kwastomominta na tsammanin faɗa muke.

Inda gizo ke saƙar shi ne horon aiki. Wannan fanni ba a gama shi da littafi kaɗai, ko a aji ko a intanet. Dole ɗalibi ya zauna da marasa lafiya na gaske, ƙarƙashin idon gwani, na tsawon lokaci. Jami'arta ta ce ta nemi wuri a ƙasarta. Ta shiga nan, ta fita can, da takardunta a jaka da maganinta a wata jakar. Amsa ɗaya ce ko'ina: ba ma karɓar 'yan intanet. Babu wanda ya yi mata tambaya ɗaya a kan abin da ta karanta. Sunan hanyar da ta bi kawai suke ji, su rufe fayil.

Daga ƙarshe wani ya kwatanta mata wata tsohuwar likitar wannan fanni da ta yi ritaya, 'yar ƙabilar Ga, Kirista, mai ɗan ƙaramin wurin ganin marasa lafiya a unguwar Alajo. Dokta Dede muke ce mata. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba. Ta dubi takardun ta ture su gefe, ta ce, "Ni ban yarda da karatun gilashi ba."

Rahinatu ta ce, "Anti, kada ki yarda da shi. Ni za ki gwada."

Sai tsohuwar ta nuna mata wata kujera a lungu, ta ce ta zauna can, ta kalla, kada ta ce uffan sai an ce ta ce. Makonni ta yi a kujerar nan. Ga mai baki irin na Rahinatu, wannan ya fi kowace jarrabawa.

Wanda ya fitar da ita daga lungun wani direba ne. Zan kira shi Malam Hamidu; ba sunansa ba ne, kuma labarin ba daga bakinta na ji ba, domin ba ta fitar da sirrin mara lafiya ko ga ni. Shi da kansa ya ba ni bayan rasuwarta, ya kuma yarda in faɗa. Mutumin Nijar ne, yana jan babbar motar albasa daga can zuwa kasuwar Agbogbloshie, ya shekara da shekaru a kan hanyar. Wata tafiya motar ta ƙwace masa ta kife. Ƙaninsa da ke zaune gefensa ya rasu nan take, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Tun daga ranar, da ya taɓa sitiyari sai gumi ya karyo masa. Warin albasa, abin da ya ci ya sha da shi duk rayuwarsa, ya koma sa shi amai. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Ya kasa komawa gida ya dubi mahaifiyarsu, ya kasa aiki, yana kwance a rumfar 'yan albasa yana ramewa. Wani dattijon kasuwar ne ya gaji da kallonsa ya kawo shi Alajo.

Ba ya jin Turanci, ba ya jin Twi, ba ya jin Ga. Dokta Dede kuma Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Sai ta juya ta dubi lungu.

Malam Hamidu ya ce mini da ya ga yarinya siririya ta jawo kujera ta zauna gabansa, ransa ya ɓaci; ya sunkuyar da kai ya ƙudura ba zai tanka ba. Ta yi gaisuwa, ya amsa da ƙyar. Sai ta tambaye shi da Hausarmu ta Zango, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba: "Malam, matarka ya san halin da kake ciki?"

Ya ce bai san lokacin da ya ɗago ba. "Malama, matata fa mace ce."

Ta ce, "To ka ga, aiki ya same ka. Ka riƙa gyara mini."

Ya ce rabonsa da dariya tun kafin haɗarin. Da gyaran Hausa aka fara, yana gyara mata tana tambaya, har ya wayi gari yana faɗin abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: cewa shi ne ya matsa wa ƙanin ya biyo shi wannan tafiya.

Ba zan mayar da ita waliyyiya ba, domin ta yi kuskure a kansa, kuma babba. Hanyar maganin ita ce a riƙa kusantar da mutum ga abin da yake tsoro sannu a hankali. Sun fara da tsayawa nesa da mota, sannan taɓa ƙofarta, sannan zama a ciki tana kashe. Har Agbogbloshie take bin sa, cikin rana da ƙura da buhunan albasa, ita da likita ya hana wahala. Da ta ga ana samun ci gaba sai zumuɗi ya kwashe ta, ta sa shi ya tayar da injin tun bai shirya ba. Mutumin ya diro daga motar ya bar wurin, aka yi makonni ba a gan shi ba. Dokta Dede ba ta rage mata ba, kamar yadda tsohuwar ta gaya mini da bakinta daga baya. Ta ce, "Littafi ya ce a ci gaba, fuskarsa ta ce tukuna. Wanne kika karanta?" Ranar Rahinatu ta zo gidanmu idanunta jawur. Ba ta gaya mini abin da ya faru ba, ta dai ce, "Sala, akwai abin da gilashi ba ya koyarwa. Amma ki sani, allon ajinku ma ba ya koyar da shi. Sai an zauna kusa da wanda ya iya."

Da ƙafarta ta je ta nemo shi ta ba shi haƙuri. Ya dawo. Aka koma baya aka sake farawa, a hankali. Kafin shekara ta zagayo ya ja mota zuwa Kumasi, daga baya ya kama hanyar gida, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

Ta gama karatunta. An kai ruwa rana kafin a ba ta lasisin aiki, aka yi ta je-ka-ka-dawo, amma Dokta Dede ta tsaya mata tsayin daka har aka ba ta. Aikin da ta yi da lasisin bai cika shekara uku ba, rabi a Alajo, rabi a ɗakin nan na Maamobi, inda matan unguwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hujjar cewa waakye ta zo saya. Sannan wata damina baƙon ya sauka a ƙirjinta, bai tafi shi kaɗai ba.

Watanni kaɗan bayan haka korona ta shigo, aka rufe makarantu. Jami'o'in da suka ce wannan karatu ba ya yiwuwa sai ido da ido, cikin 'yan makonni suka koma kan waya gaba ɗayansu. Wata rana wata ɗaliba ta nuna mini darasinsu. Sai ga dattijon nan, shugaban sashen da ya ce Rahinatu ta dawo idan ta warke, zaune a falonsa, kyamara ta kama rabin goshinsa da fankar sama, jikansa na ihu a baya, shi kuma yana ta cewa, "Kuna ji na? Kuna ji na?" Na yi dariya har na ɗauki waya zan kira ta. Sai da na nemo lambar na tuna.

Me za ta ce da ta ga wannan rana? Na san ta. Da ta yi dariya har ta riƙe ciki, da ta kwaikwayi muryarsa mako guda. Amma bayan dariyar da ta yi tambayar da ni ma nake yi har yau: ashe dama ana iyawa? Ashe abin da ya gagara saboda yarinya ɗaya mai sikila, bai gagara ba da ciwon ya zama na kowa? In kiɗa ya sauya rawa ma takan sauya, gaskiya ne. Sai dai wasu an kore su daga fili tun kafin makaɗin ya ga dama.

Kuma da ta ga abin da ake ciki yau, ba duka za ta yi wa murna ba. Yanzu ko'ina talla ce, a waya da jikin bango: digiri na biyu cikin 'yan watanni, ba jarrabawa mai wuya, ba zama da mara lafiya ko ɗaya. Ga masu kiran kansu ƙwararru sun cika waya, suna yanke wa mutanen da ba su taɓa gani ba hukunci, wannan mijinki kaza ne, waccan uwarki ce matsalarki. Na karɓi mata a ofishina da irin wannan shawara ta rusa musu abin da da zama biyu za a iya gyarawa. Da Rahinatu na nan, da ita ce za ta fara yaƙarsu, domin ita ta san abin da ta biya da jikinta kafin a kira ta ƙwararriya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Waɗannan kuwa nama suke so a kawo musu a faranti.

To saboda irin waɗannan ne kwamitin asibitin da nake aiki, inda ɗalibai ke zuwa horo, ya kawo shawarar a daina karɓar duk wanda ya yi karatunsa ta intanet. Duka, ba zaɓe. Sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. Na ce haka ne, amma mai hankali waken yake tsincewa, ba ya zubar da garin. Tambaya ba ta da wuya: wace jami'a ce, an san da ita? Me aka koya maka? Zo ka zauna mu ji, zo mu gan ka gaban mutum. Wanda ya sayi takarda, zama ɗaya zai tona shi. Wannan aiki ne, yana cin lokaci, shi ya sa doka mai layi ɗaya ta fi daɗi ga masu son tashi da wuri. Amma ba a ɗauke mu aiki don mu huta ba.

Ina so abokan aikina su dubi waɗanda za su rufe wa ƙofa. Ba 'ya'yan masu hali ba ne. Waɗannan suna da mota, suna da lafiya, suna da lokacin zaman aji. Wadda za a rufe wa ita ce uwar 'ya'ya huɗu a Nima da ba za ta iya barin gida kullum ba. Nas ɗin da ke can arewa, inda jami'ar da ke koyar da fannin ta yi mata nisan tafiyar kwana guda. Saurayin da ke kan keken guragu, wanda ajinmu na hawa na uku ne kuma ba lif. Su ne kuma masu jin harsunan da marasa lafiyarmu ke kuka da su. Mu nawa ne a wannan fanni da za mu iya zama da tsohuwar Zango mu ji damuwarta da Hausa, ba tare da an kira ɗanta ya yi tafinta ba, alhali wataƙila ɗan ne damuwar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun san namu.

Don haka na faɗa musu a zaure, ina kuma maimaitawa a jarida don kada wani ya ce bai ji ba: ranar da za a ɗaga hannu, nawa ba zai tashi tare da nasu ba, ko da ni kaɗai ce. Idan sun yi rinjaye, lasisina nawa ne, yammacina nawa ne. Dokta Dede ta tsufa, ido ya tafi, ba ta ganin kowa yanzu. Wani ya kamata ya ajiye kujera a lungu, kuma na riga na sayi tawa.

Makon jiya, bayan an shafa addu'a mutane sun watse, na zauna da Mma Adiza a bakin murhunta. Ta tsufa ƙwarai, jikokinta ke mata talla yanzu, amma ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata rigimar da ake yi, aji da intanet, lasisi da kwamiti. Ta saurara tana juya wuta. Na ga dai maganar ba ta shige ta ba, kuma ba ta damu ta shige ta ba.

Ta ce, "Salamatu, ni har ta koma ga Allah ban iya faɗin sunan abin da ta karanta ba. Ban san ko a waya ta samo shi ko a sama ba. Abin da na gani da idona shi ne, mace za ta shigo gidan nan ta yi kwanaki abinci bai wuce mata ba, fuska kamar an yi mata mutuwa. Ta shiga ɗakin can su rufe ƙofa. In ta fito sai ta tsaya nan inda kike, ta ce, Mma, akwai saura a tukunya?"

Ta share ido da bakin mayafinta, ta ce, "Ni mai abinci ce. Na san wanda ya dawo duniya."

Na yi shekaru ina koyar da yadda ake auna ko magani ya yi aiki, ban taɓa jin ma'aunin da ya kai wannan ba. Takardar digirin tana nan rataye a ɗakin, ta fara dusashewa, wata rana ma za ta goge. Matan da suka fito suka nemi abinci kuwa suna nan a Maamobi da Nima, sun yi ƙiba, suna aurar da 'ya'ya, suna faɗa a layin famfo. Babu ɗaya cikinsu da ta taɓa tambayar a ina likitarta ta zauna ta yi karatu.

Allah Ya jiƙan Rahinatu, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya ba ta hutun da jikinta bai taɓa ba ta ba. Mu kuma da muka rage da lafiyarmu da kujerunmu, Allah Ya hana mu zama ƙofar da wani zai ƙwanƙwasa har ya gaji.